Maigadin da Bai San Mai Gida Ba

Kalmar sirrin littafin bashin Kawu ita ce sunan shagonsa, sai lamba 1 a ƙarshe. Ni na zaɓe ta, kuma lambar nan ta ƙarshe ita ce gudummawata ga harkar tsaro. Mutum bakwai aka ba ita. Kafin wata shida ya cika, in ban da limamin masallacinmu, wanda ba ya riƙe babbar waya, ban san wanda bai haddace ta ba a layinmu.

Shagon yana Briqueterie, unguwarmu a Yawunde, wadda muke gutsure wa suna mu ce Birik. Asalin sunan wurin Ekoudou. Wani wurin buga bulo na zamanin Jamus ne ya bar mata suna na biyu, bulon ya tafi, sunan ya zauna. Baƙon Kano yakan ji shi ya ɗauka daga "birkita" aka ciro shi, kuma in ya tsaya a babban layi da magariba, lokacin da hayaƙin 'yan tsire ya haɗu da hon ɗin taksi da ƙarar kekunan ɗinki, ba zan yi masa musu ba. Kawu yana sayar da shadda da atamfa da leshi da yadin maza da huluna. Rabin cinikinsa bashi ne: teloli su ɗauki yadi, sai mai ɗinki ya biya su sannan su biya shi. Babban ɗansa, Yayana, yana riƙe da ƙaramin shago a Duwala, akwai kuma wani abokin hulɗa a Garwa da ake aika wa kaya duk wata.

Ni kuma Injiniya ake ce mini. Na sami sunan ne ranar da na gyara firintar wani mai buga takardu a bakin layi, ta hanyar zare ta daga wuta in mayar. Na yi shekara biyu ina karatun kwamfuta kafin kuɗin makaranta ya fi ƙarfina, ina da tsohuwar kwamfutar cinya da na saya a Avenue Kennedy, batirinta yana riƙe wuta gwargwadon raka'a huɗu in limamin mai sauri ne. Da wannan jari na shawo kan Kawu ya bar rubutu a littafi. Na haya saba, wato kwamfutar da ke zaune a wata ƙasa tana riƙe wa mutum shafinsa na intanet, na ɗora mata manhajar Nginx, na haɗa wani shafi mai layuka: suna, kaya, abin da aka bayar, abin da ya rage. Yaya yana gani daga Duwala, na Garwa yana gani, Kawu yana gani daga kan dardumarsa. Wata biyu ina tafiya a unguwa kamar ni na gina zauren wasannin Warda da aka buɗe a 2009, ba 'yan Sin ba.

Sai ranar da wani tela, wanda shagonsa ke kallon namu, ya zo rage bashi. Kawu ya ɗan yi masa maganar jinkiri. Telan ya ce, cikin ladabi ƙwarai, "Alhaji, ai ni nawa kaɗan ne. Na kusa da masallaci sefa dubu ɗari da arba'in ake binsa, ban ji an yi masa magana ba."

Kawu bai ce komai ba sai da ya fita. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Injiniya, littafina na takarda ya yi shekara talatin a ƙarƙashin kantan nan, ko matata ba ta san abin da ke ciki ba. Bashin mutum tsiraicinsa ne. Yaya aka yi naka ya koma jarida?"

Mai hankali zai sauya kalmar sirri, ya ba kowa tasa, ya ja kunnen yaron shago, magana ta ƙare kafin la'asar. Ni kuwa a daren nan na karanta labarin Estoniya, ƙasar da tun 2002 katin ɗan ƙasarta ke ɗauke da takardar shaida ta lantarki wadda mutum ke shiga shafukan hukuma da na banki da ita. Na kwana ina tunanin cewa abin da ya raba Estoniya da shagon Kawu bai wuce yawan jama'a ba.

Bari in faɗi yadda abin yake, don wahalar da na sha kada ta tafi a banza. Duk lokacin da ka buɗe shafi ka ga ɗan kwado a saman waya, shafin ne ya nuna wa wayarka takardar shaidarsa: ni ne wane, ga hatimin hukumar da ta tsaya mini. Wayarka tana da jerin hukumomin da ta yarda da hatiminsu, sai ta duba ta ce to. Tsarin ya samo asali daga SSL ɗin da kamfanin Netscape ya fitar a 1995, wanda ya koma TLS a 1999, siffar takardar kanta kuwa, X.509, tun 1988 take. Irin wannan takarda ta shafi yanzu kyauta ake samunta daga Let's Encrypt, da ta fara rabawa a 2015, tana kwana 90 tana sabunta kanta ba tare da an tashe ka daga barci ba. A wannan gaisuwa mai gida ne kawai ke nuna shaida, baƙo kuwa ya shigo da rawaninsa ba wanda ya tambaye shi. Amma tun farko an bar ƙofar a juya tambayar, saba ta ce wa waya, ke ma nuna taki. Wayar tana riƙe da makulli biyu da lissafi ya ɗaure su tare, na fili wanda ke rubuce a takardar, da na sirri wanda ba ya barin cikinta. Sai ta sa hannu a kan gaisuwar da makullin sirrin, saba ta gwada da na filin, ta duba hatimi, ta duba kwanan wata. In komai ya yi, bismillah. In bai yi ba, ko zauren ba za ka gani ba, balle a tambaye ka kalmar sirri.

Na kai wa Kawu wannan bayani ina tsoron zai yi masa nauyi. Ya saurara yana jan carbi, ya ce, "Wato maigida."

Na ce wane maigida?

"Lokacin da mahaifinmu ya sauka garin nan da fatauci, ba mai ba baƙo kaya bashi don ya faɗi sunansa. Sai ya sauka gidan wani, maigidan ya kai shi kasuwa ya ce wannan nawa ne. In ya gudu, maigidan ake kamawa. Abin da kake ta zagaye a kai ke nan?"

Abin da na yi dare uku ina haɗawa ke nan, ya kwance shi kafin ya kai ƙarshen carbi. Na ce haka ne, Kawu, kun gane. Ya ce to shi maigidan wa ya tsaya masa? Na yi bayani cewa a ƙasar nan doka ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet ta ɗora wa hukumar ANTIC zama uwar hukumomin hatimi, don harkokin gwamnati da manyan kamfanoni, amma abin cikin gida irin namu mutum yana iya kafa tasa hukumar, ya buga wa kansa hatimi da kansa.

"Ya tsaya wa kansa."

"E, Kawu."

"Wato kai."

"Ni."

Ya mai da tabarau, ya ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake faɗa wa wanda zai ƙara aure.

Na kafa hukumar a daren da aka sanar da fara azumi, bayan an sauko daga asham ta farko. OpenSSL, manhajar da ake wannan aiki da ita, ta yi mini tambayoyi kamar mai cika takardar ɗaurin aure: ƙasa, na rubuta CM, gari, Yawunde, sunan ma'aikata, a nan na tsaya. Ba kullum ake ba mutum damar raɗa wa hukuma suna ba. Ba zan faɗi abin da na rubuta ba, amma akwai "Babbar" a ciki, akwai "ta Tsakiyar Afirka". Makullin sirrin hukumar, wanda duk mai riƙe da shi zai iya buga wa kowa hatimi, an ce kada a bar shi a kwamfutar da ke hawa intanet. Na bi shawara kamar ɗalibin kirki. Na kwafe shi a kile, abin da 'yan Najeriya ke ce wa filash, na goge na kwamfuta, na jefa kilen a gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gado.

A ɓangaren saba aikin layi biyu ne kacal. Ɗaya yana nuna wa Nginx inda takardar hukumata take, ɗaya yana ce masa ya tambayi duk mai shigowa. Na rubuta, na sake tayar da shi, na buɗe shafin don in ga aikina. Farin allo, lamba 400 a sama, da gajeren Turanci cewa ba a aiko da takardar da ake buƙata ba. Na yi minti ashirin ina neman inda na yi kuskure kafin ya faɗo mini cewa ba kuskure. Na ɗauki maigadi, na ce kada ya bar kowa ya shiga sai da takarda, ban yi wa kaina takarda ba. Igor Sysoev, Barashen da ya fitar da Nginx a 2004, bai bar wani gurbi da za a rubuta "sai dai in Injiniya ne" ba. Na sake rarrafawa ƙarƙashin gado.

Wannan ƙaramin abu ne. Babban aiki shi ne shigar da takardu a waya bakwai, cikin azumi, ga mutanen da duk sun girme ni in ban da yaron shago. Ana ɗaure takarda da makullinta a fayil guda mai wutsiyar .p12, a kulle shi da kalmar sirri, a sa a waya. Wayar Kawu ta fara da cewa ba za ta karɓi komai ba sai an sa wa fuskarta makulli. Kawu, wanda wayarsa ke buɗe tun ranar da aka saye ta, ya ce shi ba ya ɓoye komai. Da ƙyar ya yarda ya zana wani layi mai kama da lauje. Sannan muka zo kalmar sirrin fayil. Ya buga, waya ta ce ba daidai ba. Na ce, "Kawu, ku bi a hankali, babban harafi ne a farko." Ya sake, ta ƙi. Na ce ko yatsanku ne ke taɓa biyu. Ya sake na uku, teloli biyu da mai shayi suna kallo. Na karɓi wayar da wani ɗan murmushi na masu ilmi, na buga da kaina, harafi harafi, ina ɗaga yatsa sama don kowa ya koya.

Ta ce ba daidai ba.

Mai shayi ya ce, "Ko yatsan ne, Injiniya?"

Sai bayan sahur na gano. OpenSSL ta uku, wadda ta fito a 2021, tana ɗaure irin wannan fayil da sabon salon kulli, tsofaffin wayoyin Android kuwa ba su san shi ba. Su kuma maimakon su ce ba mu iya kwancewa ba, sai su ce kalmarka ce ba daidai ba, halin da na sani a wurin mutane da yawa. Maganin wata 'yar kalma ce da ake liƙawa a ƙarshen umarnin, mai nufin a yi shi irin na da. Washegari na je na ce wa Kawu na gyara matsalar wayarsa. Ya ce, "Da yatsana aka ce." Na ce an sake bincike.

Na Duwala da na Garwa kuwa ta WhatsApp na aika musu. Fayil a saƙo na farko, kalmar sirrinsa a saƙo na biyu, wato na kulle akwati na ɗaure makullin a hannunsa da zare. Yaron shago ya ga tasa ta ƙi shiga, sai ya tura duka biyun cikin rukunin 'yan layinmu, mai mutum sittin da wani abu, yana tambaya ko akwai wanda ya san yadda ake yi. A ƙa'ida hukuma tana soke irin wannan takarda, ta sa lambarta a jerin sokakku, ta ba saba, ta riƙa sabunta jerin kafin shi ma ya tsufa. Na karanta bayanin sau biyu ina jin ƙishirwa, na rufe. Babbar Hukuma ta Tsakiyar Afirka ta sa yaro ya goge saƙon, sannan ta bi shago shago da ƙafa tana roƙon jama'a, don Allah in ya sauka a wayarka ka share.

Bayan haka, gaskiya, abu ya yi kyau. Mako uku ba wanda ya san bashin wani. Telan nan ya tare ni a wurin mai folere bayan shan ruwa ya ce shafin naku ya lalace ne, ba ya buɗewa. Na ce lafiyarsa ƙalau, kai ne bai sani ba. Ban taɓa jin daɗin wata jimla da ta fito daga bakina kamar wannan ba.

Azumin shekarar ya cika talatin. Wanda bai taɓa ganin Birik a daren Salla ba, ya ɗauki ranar kasuwar Mokolo ya matse ta a layi guda, ya ƙara mata masu jiran ɗinki da suka rantse ba za su tafi ba sai da rigarsu. A wannan dare teloli ke karɓar kuɗin aikin wata guda, a wannan dare kuma suke tsallakowa su rage bashi kafin kuɗin ya bi takalman yara. Duk shekara Kawu ba shi da daren da ya kai shi. Hadari ya haɗu tun la'asar, damina ta fara. Ina tsaye bakin shago da tsinken tsire a hannu, wajen tara da rabi, sai yaron shago ya leƙo.

"Yaya Injiniya, ya ƙi."

Na ce ka kashe data ka kunna. Ya ce ya yi. Wayar Kawu ta ƙi. Tawa ta ƙi. Kafin in haɗiye naman bakina Yaya ya kira daga Duwala, bai yi sallama ba. Farin allo, lamba 400, a waya bakwai, a gari uku, cikin minti guda. Na fara da zargin hadari. Na koma zargin 'yan kutse, har na ɗan ji wani alfahari cewa shagon Kawu ya kai a kai masa hari. Na buɗe kwamfuta a kan ƙunshin atamfa, na sa OpenSSL ta karanta mini takardar hukumar. Kowace takarda tana da kwanan wata biyu, ranar da ta fara aiki da ranar da za ta daina. Na dubi ta biyun. Yau ce. Na dubi sa'ar. Minti goma sha biyu da suka wuce.

A wurin yin takarda akwai inda ake faɗin kwana nawa za ta yi. In ba ka faɗa ba, OpenSSL ba ta tambayarka, sai ta rubuta 30 ta yi shiru. Ni ina can ina zaɓen tsakanin "Babbar" da "Ƙoli", ban faɗa ba. Hukumata ta ɗauki azumi tare da mu daren farko, ta cika talatin cif, ta sha ruwa ta kwanta dama. Da uwa ta mutu kuwa duk takardun da ta buga wa hatimi sun zama marayu, su ma ɗin kwanakinsu talatin talatin ne, suna biye da ita a layi.

A daidai nan aka ɗauke wuta, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwamfutata ta yi raka'o'inta huɗu ta sallame.

Gurup ɗaya ne ke ƙara a kusa, wato janareta, kuma na telan nan ne. Na tsallaka layi da kwamfuta a cikin riga. Ya dube ni, ya dubi ruwan da ke zuba daga hulata, ya zare wayar dutsen guga ya nuna mini soket da ƙafa, bai daina taka keke ba. Na zauna a kan buhun ƙyallaye tsakanin mata uku masu jiran ɗinki, waɗanda suka ɗauka ni ma rigata nake jira suka fara ba ni haƙuri.

A nan ma akwai hanya gajera: in shiga saba ta ƙofar baya, wadda maigadin bai tsare ba, in mai da kalmar "kunna" ta koma "kashe". Minti ɗaya. Amma wannan sallamar maigadi ke nan a gaban mutumin da aka ɗauke shi dominsa. Na ce a'a, hukuma za ta sabunta kanta. Na kira ƙanena na ce ya duba gwangwanin madara a ƙarƙashin gado ya kawo mini abin da ke ciki. Ya yi shiru. Na ce kana ji na? Ya ce, "Yaya, baƙin kilen nan?" Na ce shi. Ya ce ai tun goma ga azumi ya kai wa mai turi. Mai turin ya ce akwai wasu tarkace a ciki da ba sa buɗewa, ya wanke shi tas kafin ya zuba. Na tambayi me aka zuba, ban san dalilin tambayar ba. Tafsiri na dare goma, da finafinan Kano guda goma sha ɗaya.

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Na ɓoye makullin daga 'yan kutsen duniya, ban ɓoye shi daga mai share ɗakinmu ba.

Ba sauran hukuma, sai sallamar maigadi. Ita ma ba ta zo da sauƙi ba, don datar waya a cikin ruwan nan tana tafiya kamar amarya, in buga harafi sai in jira ya isa wata nahiya ya dawo. Wajen ƙarfe ɗaya saura na mai da kalmar, na tayar da Nginx, shafin ya buɗe da tsohuwar fuskarsa yana neman tsohuwar kalmar sirri. Wata guda ban buga ta ba, waya ce ke tuna mini. Na buga, ya ƙi. Na buga da babban harafi, ya ƙi. Na buga na uku gumi yana haɗuwa da ruwan sama a wuyana. Telan, allura a baki, ido a kan wuyan riga, ya ce, "Ƙananan haruffa ne duka, ba tazara, sai ka sa 1."

Ya buɗe.

Na koma shago da gudu ɗauke da kwamfuta a buɗe kamar mai kai tuwon biki. Na tarar fitilar caji a kan kanta, Kawu yana ƙirga kuɗi, ba kowa a gabansa. Ya yage gefen kwalin huluna ya rubuta a bayansa da ajami, layi ashirin da uku. Da shafi ya ƙi, kowa ya zo sai ya ce masa, "Nawa ake binka?" Mutum ya faɗa, ya ba da abin da ya kawo, Kawu ya rubuta, ya ce Allah ya maimaita mana. Na ce, Kawu, ai wannan hatsari ne, kowa zai iya faɗin abin da ya ga dama. Ya ce, "Daren Salla, a gabana, gobe kuma mu haɗu a idi? Ajiye abin nan ka ɗaure mini kuɗin."

Bayan Salla da kwana biyu na zauna da kwalin da kwamfuta don in kama maƙaryata. Ina so in kama ko mutum ɗaya, don in sami abin faɗa. Ashirin sun yi daidai har sefa biyar. Uku sun saɓa, zuciyata ta yi fari. Ta farko wata Hajiya ce mai sayar da turaren wuta, ta ce dubu 18 ake binta, shafi ya ce dubu 81. Wata biyu ina yi wa baiwar Allah nan kallon mai taurin bashi, har gaisuwata na rage mata tsawo. Kawu ya tuna kayan: turmi biyu na atamfa. Ni na juya lambobin. Na biyu wani mai ɗinkin hula, na shigar masa da yadi guda sau biyu. Na uku telan gurup, wanda ya faɗi abin da ya fi na shafi da dubu biyu da ɗari biyar, kuɗin shafin riga da ya ɗauka wata ranar Juma'a ina cin tsire ban rubuta ba.

Kawu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya aike ni gidan Hajiya da turmin atamfa, ya ce in gaishe ta gaisuwa mai tsawo. Ta karɓa tana ta sa albarka, ta ce, "Ɗan nan, ai ni na ɗauka ciwon haƙori kake yi kwanakin baya."

Na zaci za a koma littafin takarda. Kawu ya ce a'a, Yayanka yana son ganin lissafi daga Duwala, kuma maigadin nan naka ba shi da laifi, abin da aka ce masa ya yi, ba kamar wasu ba. Na kafa sabuwar hukuma, wannan karon sunanta sunan shago kawai, kwana 3,650, na duba lambar sau uku na sa yaron shago ya duba. Wayoyin gida biyar na sa musu da waya mai igiya. Na Duwala da na Garwa na aika fayil ta hanya guda, kalmar sirri na faɗa da baki. Kowa na ba shi kalmar shiga tasa, abin da ya kamata in yi tun ranar farko kafin la'asar. Da na gama na kwafe makullin hukuma a sabon kile, Kawu ya miƙo hannu. Washegari na gan shi da shi a wuya, ya kai wa baduku ya ɗinke shi cikin jar fata, kamar laya.

Kwana tara da ɗinkewa aka zare wayar yaron shago daga aljihunsa a cunkoson Mokolo. Sabuwar waya tana buƙatar sabuwar takarda, ta tsohuwar kuma dole a soke ta, wato jerin nan da na rufe saboda ƙishirwa yana nan yana jirana. Duka biyun sai da makullin hukuma. Na sami Kawu bayan azahar na durƙusa na yi bayani. Ya ciro layar daga wuya, ya juya ta yana duban ɗinkin, ya ce aikin badukun nan da kyau yake. Ya ba ni ita tare da reza daga aljihun kanta.

"Ɗari biyar ya karɓa. Na biyu daga aljihun hukuma."